Sunayen da ke jikin bangon bukkar zumar mapul

Shekara uku ke nan duk watan Maris ina taya wani dattijo maƙwabcina aikin zumar mapul, wadda ake dafawa daga ruwan bishiyar mapul, a nan arewacin jihar New York. Wata safiya ya gan ni ina leƙen tururin da ke fita ta rufin bukkarsa, ya ce in shigo in daina tsayuwa cikin ƙanƙara kamar marar gida. Tun daga ranar na zama ɗan ɗauko masa itace.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka zuma ce ke zubowa daga bishiyar. Ina! Ruwa ne garau, da ƙyar harshe ke kama zaƙinsa, don sukarin ciki kusan kashi 2 ne cikin 100. Ba ya ɗigowa sai an kwana da sanyin daskarewa rana kuma ta sassauta, kakar duka mako 4 zuwa 6 ce. Sai an tafasa wajen lita 40 ake samun lita guda mai sukari kashi 66.

Ran farko da ya auna ruwan, ya dube ni ya ce, "Yaro, raba 86 gida biyu." Na ce 43. Ya ce, "To galan 43 za mu dafa kafin mu ga ɗaya. Lissafin Jones ke nan." Na zaci Jones wani abokinsa ne na ƙauye. Ashe C. H. Jones ne, masani a Jami'ar Vermont, wanda ya bar wa manoma wannan ƙa'ida: a raba 86 da yawan sukarin da ke cikin ruwan. Mutumin ya daɗe a kabari, amma ana kiran sunansa a bakin murhu kamar jiya ya fita.

Wannan ne ya kai ni garin Croghan, inda gidan tarihin mapul yake. An kafa gidan a 1977, kuma duk watan Mayu ake taruwa a karrama waɗanda suka yi wa sana'ar hidima daga Amurka da Kanada. Na daɗe ina kallon hotunan waɗanda aka karrama. Yawancin fuskokin ban san su ba, amma na dawo gida da ƙishirwar karatu, har na fitar da nawa gwanaye.

Akwai George Cary na St. Johnsbury a Vermont, wanda aka yi wa laƙabi da sarkin mapul. Shi ya shawo kan masu kamfanin taba su riƙa sa sukarin mapul a hajarsu, ya mamaye kasuwa, sannan ya karye a 1931, ya rasu a shekarar. Ya buɗe hanya, ba musu. Amma in da ni ke raba lambar yabo, Cyrille Vaillancourt zan fara miƙa wa. A 1925 ya haɗa kan manoman lardin Kebek na Kanada suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, lokacin da mai saye ke yanka farashin da ya ga dama, manomi kuwa ba shi da bakin magana. Ƙungiyar tana nan har yau a Plessisville da sunan Citadelle, Kebek kuma ita ke samar da wajen kashi 70 cikin 100 na zumar mapul ta duniya.

Sai Nelson Griggs, wanda ya yi rajistar dabarar tiyon roba a 1959, aka huta da jidar bokiti daga bishiya zuwa bishiya. Dattijona yana sa masa albarka da safe, da yamma in ya tarar kurege ya gurgure tiyon sai ya janye albarkar.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne marasa hoto. Tun kafin Bature ya sa ƙafa a wannan nahiya, ƙabilun Abenaki da Haudenosaunee da Anishinaabe suna tsaga jikin bishiyar, su tari ruwan a mazubin ɓawon itace, su mai da shi sukari. A wurinsu baƙin suka koya. Wa za a kira ya hau dandamali ya karɓa a madadin kakannin nan?

Na faɗa wa dattijon haka muna zaune gaban kaskon dahuwa, tururi ya jiƙa mana gira. Bai ce uffan ba. Ya tashi ya haska mini bangon katako da fitila. Rubutun fensir ne jere tun daga sama: ranar da aka fara huda bishiya kowace shekara, ranar da ruwa ya tsaya, da galan nawa aka samu. Na sama hannun mahaifinsa ne, wanda ya raini bishiyoyin da bai sha zumarsu ba, tunda sai bishiya ta kai shekara 40 ake huda ta. Na tsakiya, ƙanana a tsare, na marigayiya matarsa ne. Na ƙasa nasa ne, sun fara karkacewa.

Ya zaro guntun fensir daga bayan kunnensa ya miƙo mini. Ya ce, "Idona ba ya gani sosai da dare. Rubuta na yau, ka sa sunanka a gefe. Kuma ka yi sauri, wutar nan na neman itace."