Layi na 17

Tun bayan asuba nake gonar gwaji a Samaru, raɓa ta jiƙa min wando har gwiwa. Yau ranar ba da maki ce, kowane layin auduga (kowanne irinsa daban) sai na ɗaga ganye na duba sama da ƙasa na rubuta yawan cutar da ta kama shi daga 1 zuwa 5. Sati uku kenan da muka fesa musu Alternaria, cutar tabon ganye, da hannunmu don mu ga irin da zai jure mata, ga ruwan Satumba ya ƙara mata ƙarfi, wasu layukan wallahi tausayi suke ba ni, tabo ruwan ƙasa zobe cikin zobe kamar an ɗosa garwashi, tsakiyar ta bushe ta huje, ganyen ƙasa duk sun zube a kwarin kunya.

Sai ga layi na 17, kore shar. Na tsuguna na bi tsiro goma ɗaya bayan ɗaya, ɗigo uku kacal na samu. Da gudu na je na kira Malam.

Ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce "Ka duba shi a maimaici na biyu da na uku?" Wato sauran wuraren da muka sake shuka irin nan a gonar. Na ce tukuna Malam. Ya ce "To wa ya ce maka juriya ce? Ƙila feshin ne bai same shi da kyau ba, ko don yana gefe iska na busar masa da raɓa da wuri, ita kuwa cutar nan sai ganye ya daɗe a jiƙe take kamawa. Ƙila ma ƙasar nan wurin ta fi sinadarin fotash, ka san audugar da ta rasa fotash ita ke fara faɗuwa." Ko ya tsallake bana, in ji shi, sai an sake gwada shi baɗi.

Gaskiya ya faɗa, na sani, amma jikina ya yi sanyi. Baba nake tunawa, bara a Funtua ganyen audugarsa ya kakkaɓe tun ƙwallo bai cika ba, kuma duk wayar da muka yi sai ya ce "Har yanzu ba ku samo mana irin ba?" Yau saura kaɗan na kira shi, har na ciro wayar.

Abincin rana ɗanwake, ban ma cinye ba. Inna ta kira sau biyu ina cikin gona.

Gobe in Allah ya kai mu maimaici na biyu, 17 ɗin can yana tsakiyar fili ne kusa da layin da ya fi kowa lalacewa. Na riga na sa biro da takardar a jaka.