Darussan shirya ƙaramin layin dogo na cikin ɗaki a Sakkwato

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen kan jirgi kafin a auna ɗaki. Kwana ce ke cin fili. A ma'aunin HO, inda ake rage girman jirgi sau 87, kwanar da aka saba da ita tana da santimita 46 daga tsakiya zuwa layi, wato zagaye guda zai cinye kusan mita ɗaya a faɗi. Falan filawud na ƙafa 4 da 8 zai ɗauka, amma da zarar an jingina shi da bango, hannu ba ya wuce santimita 70, kuma taragon da zai sauka daga layi can ƙurya yake zaɓa. Ma'aunin N, mai rage girma sau 160, yana juyawa a kan tsohuwar ƙofa.

In fili da kuɗi sun yi ƙaranci, a haƙura da zagaye. Kanta mai faɗin santimita 30 da tsawon 150 ta isa layi ɗaya da ya rabu gida uku: mahaɗa biyu, kan jirgi ɗaya, tarago takwas gajeru. Jera su da sauya musu layi ya fi kallon jirgi yana ta kewaya daɗi. A zana komai da alli a kan siminti, da ainihin girmansa, kafin a je wurin kafinta.

Sai abin da littattafan Turawa ba sa damuwa da shi, wato yanayinmu. Katakon da aka kafa wa layi da damina yana tsukewa idan hunturu ya kama, ƙarfen kuma ba ya tsukewa tare da shi, sai layin ya kumbura ya karkace. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya ƙara miƙa shi. Don haka a shafa wa katakon fenti ciki da baya, a bar rabin milimita tsakanin kowane ƙarfe da na gabansa, kada kuma a danna ƙusa har ta lotsa layin. Ƙafafun teburin su sha maganin gara.

Ƙura kuwa ita ce ke sa jirgi ya riƙa tsayawa yana fizga, domin wuta ta ƙarfen layi take bi ta shiga tayoyi. Murfi na leda ko yadi dole ne. A goge layi da tsumma da ɗan sifirit. Sanfefa tana barin karce, ƙura ta samu wurin zama.

Jirgin volt 12 yake sha, don haka batirin sola da ɗan na'urar rage gudu sun wadatar. Taransifomar da aka kawo daga Amurka ta volt 120 ce, tamu 230, sai a duba kafin a jona.

Kayan ado ba sa buƙatar kuɗi. Yashin gulbin Rima a tankaɗe shi, a bi shi da maganaɗisu don cire ƙwayoyin ƙarfe da ke shiga inji, a liƙe da farin gam da ruwa rabi da rabi. Tunda layin dogo bai taɓa isowa Sakkwato ba, ya tsaya ne a Ƙaura Namoda tun 1929, tashar can ce abin kwaikwayo mafi kusa: jar ƙasa, gidajen laka na kwali, da bishiyar kuka ta murɗaɗɗiyar waya.