Abin da Ke Dawo da Mutum Asibitin Haƙori Ba Tare da Ciwo Ba

Aikina wankin haƙori ne a wani asibiti a Kano. Yawancin masu zama a kujerata ciwo ne ya koro su, kumatu a kumbure, sun kwana ba barci. Da zarar an cike kogon ko an cire haƙorin, ka ce su dawo bayan wata 6 a duba, sai su ce "in sha Allahu", ba ka ƙara ganinsu.

Na lura ba jahilci ba ne. Kunya ce ta fi yawa. Dattijo mai cin goro zai rufe baki da hannu kafin ya buɗe, yana jiran a yi masa faɗa. Sai in ce, "Baba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cutar baki. Ba kai kaɗai ba ne." Nan take jikinsa ke saki. Wanda aka kunyata ba ya dawowa, ko da kyauta ake aikin.

Sai kuma tsoron da ake gada daga bakin mutane, wai wanki yana sa haƙora girgiɗa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin gaskiyar akasin haka take. Dattin da ya daskare ya zama kamar dutse shi ke kumbura dasashi, ya cinye ƙashin da ke riƙe haƙori a hankali. Idan an kankare shi, ɓarnar da ya ɓoye ce ke bayyana. Bayani da baki bai cika shiga ba, don haka nake miƙa wa mutum madubi ya ga jinin dasashinsa da idonsa. Daga nan shi da kansa yake tambaya, "To yanzu me zan yi?"

Ba na ba shi dogon jawabi. Ina tambayarsa me yake yi kullum ba fashi. Galibi sallah ce. Sai mu ɗaura abin a kanta: buroshi da man goge baki mai fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) bayan Asuba, sannan bayan Isha'i kafin kwanciya, ya tofar kada ya kuskure baki da ruwa. Mai aswaki kuwa ba na raba shi da sunnarsa, sai dai in nuna masa yadda zai kai shi ga turame na can ciki. Ranar dawowa ma shi nake bari ya zaɓa, ya sa ta a wayarsa a gabana.