Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Darin Winifeg

Makon jiya na tsaya a inda biza ta fito. Masu tambayar yadda aka ƙare da gonar fadama su yi haƙuri, wannan sai mun zo kan rabon gado. Yau maganar sanyi za a yi, ita kuwa ba ta yiwuwa sai an sako Baffa Sale.

Daren da zan bar gida, a zauren Malam, ana ta sa mini albarka, sai Baffa ya gyara zama ya ce, "Yaya, yaron da in dari ya shigo ba a raba shi da gindin murhu, shi za ka tura Kanada? Ku dai ajiye masa tabarmarsa, kafin a yanke alkama ya dawo." Aka fashe da dariya, har da waɗanda na yi shekaru ina cika musu takardun taki kyauta. Malam bai tanka ba. Ni ma na yi shiru, don a gidanmu ba a mayar wa ƙanin uba magana.

Ina jin sanyi, ban musa ba. Wanda ya tashi a bakin kogin Hadeja ya san darin Disamba da Janairu, ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage, a tara karan dawa ana jin ɗumi kafin a tafi makarantar allo. Goggo Hansai ce kaɗai ta ɗauki abin da gaske. Ta ba ni gwadon marigayi mijinta, da man kaɗe cikin gwangwanin madara, da citta da kanumfari da masoro, ta ce, "Ɗan nan, sanyi ta ƙafa da kunne yake shiga." Kilishin da aka haɗo mini a Kano na bar shi, an riga an gaya mana ba a shiga ƙasar da nama.

Na sauka Winifeg a Satumban 2013, zan yi karatun ƙasa da ruwa a Jami'ar Manitoba. Wani bazazzagi da ya riga ni zuwa ya dubi suwaitar da na sayo a Kantin Kwari, ya ce in ajiye ta ta zaman ɗaki ce. Ya ja ni kantin gwanjo tun kafin Oktoba ya ƙare, wai in dusar ƙanƙara ta sauka an gama kwashe na kirki. A nan na koyi cewa kaurin riga ba shi ne ɗumi ba. Hawa-hawa ake sa kaya. Ta jikin fata siririya ce, kuma ba ta auduga ba, don auduga tana riƙe gumi, in ka fito waje gumin ya huce ya zame maka masifa. Sai ta ulu, sannan babbar kwat da aka cusa wa gashin agwagwa, wadda iska ba ta ratsawa. Takalmi a sayi wanda ya ɗan fi ƙafa, safa mai kauri ta shiga kuma yatsu su iya motsi. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri ɗaya ta fi mai rarrabe su ɗumi. Hula kuwa na zaɓi mai rufe kunne, irin haɓar kadan da tsofaffinmu ke sawa. Kuɗin da suka tafi a ranar sun kai na tunkiya biyu, ina biya ina jin muryar Baffa.

Kuma Allah da ikonsa, shekarar da na je ita ce wadda 'yan garin da kansu suka ce kakanninsu ma ba su ga irinta ba. Hukumar yanayi ta ce rabon Winifeg da sanyi irin na 2013 zuwa 2014 tun 1898. A wayi gari digiri 30 ƙasa da sifili, in an haɗa da iska ya kai 40, inda fatar da ba a rufe ba take iya daskarewa cikin minti 10. Gashin hanci ya sandare da numfashin farko. Kowace mota da igiyar lantarki tana reto a gabanta, in an ajiye sai a jona ta a soket don injin ya kwana da ɗumi, in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba. Sanyi ya ratsa ƙasa har bututan ruwa suka daskare, gidaje da yawa suka koma roƙon ruwa wajen maƙwabta. A jami'a akwai hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa gine-gine, sai ka yini kana zirga-zirga ba ka leƙa waje ba. Man kaɗen Goggo kuwa, da iskar ɗaki ta busar da kowa, har 'yan ajinmu suna zuwa lakata.

Abin da ya fi ba ni mamaki salla ce. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, huɗu da rabi ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk a tsakanin darasi suke riskar mutum. Babin shafa a kan huffi da muka karanta a Risala gaban Malam, muna hamma don ba mu taɓa ganin mai yi ba, ga shi ya zo mini har gida. Na sayi huffin fata, in yi alwala da asuba in sa. Da na gaya wa Malam a waya ya daɗe yana dariya, ya ce ashe karatun bai faɗi ƙasa ba. Azumin Litinin da Alhamis kuwa ban taɓa samun mai sauƙinsa ba.

Da Janairu ya raba ne na fara jin daɗin abin. A inda kogin Red da na Assiniboine suka haɗu, wurin da suke kira The Forks, ruwan yakan daskare a share hanya a kansa, mutane da 'ya'yansu suna sulu da takalma masu ƙarfe. Ni ɗan masunta, jikan Sarkin Ruwa ta wajen uwa, na taka tsakiyar kogi da ƙafata. Daga baya wani ma'aikacin ɗakin gwajinmu ya ɗauke ni zuwa tafkin Winifeg kamun kifi. Da mota muka hau kan tafkin, ina ta salati a zuci. Ƙanƙarar ta kusa mita guda. Aka huda rami da inji, aka kafa tanti aka kunna ɗan murhun gas, muka zura fatsa. Fatsa fa, da mu a gida muke bar wa yara, manya na can da kalli da gora. Amma da kifin ya ja, hannuna ya tuna aikinsa, na fito da wani mai koren baya da suke ji da shi. A nan muka soya shi, na barbaɗa yajin da na zo da shi, muka kora da shayin citta da kanumfari. Baturen nan hawaye yake yi yana ƙara miƙo faranti.

Na tura hoton gida aka nuna wa Baffa. Ya ce haɗin kwamfuta ne, ina aka taɓa tsayawa a kan ruwa. Mutumin nan fa, bayan na dawo da shekaru, shi ne ya aiko ƙaramin ɗansa wai in ara masa "rigar nan ta Turai" zai kwana ban ruwa a gonar alkama. Na ba shi. Har ya koma ga Allah ba ta dawo ba, kuma ko sau ɗaya bai ce mini ya tuna abin da ya faɗa a zaure ba. Allah ya jiƙansa, na yafe, amma 'ya'yansa da ke karanta wannan su sani kwat ɗin tawa ce, tana ɗakin uwarsu.

An yanke alkama a gida, an sussuke, ni kuwa ina Winifeg dusar ƙanƙara ko gama narkewa ba ta yi ba. Tabarmar da aka ce a ajiye mini Goggo ta ba almajirai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo azumin 2014 da ya faɗo tsakiyar bazararsu, rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, da saƙon da Inna ta aiko a goman ƙarshe kan maganar 'yar gidan Liman.