Ranar da na ƙaryata gaskiya

Aikina shi ne tantance hotuna da bidiyo kafin a wallafa su. Na shiga aikin ina da yaƙinin cewa gani ya kori ji, har zuwa watan Maris na 2023, lokacin da hoton Fafaroma Francis sanye da wata jibgegiyar farar rigar sanyi ya karaɗe duniya. Na gani, na yarda. Abokiyar aikina ce ta ce, "Malam, duba hannunsa." Da na faɗaɗa hoton sai na ga yatsun sun cakuɗe da kofin da yake riƙe da shi. Ashe da Midjourney, wata manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) mai samar da hotuna, aka ƙirƙire shi.

Tun daga ranar na koma mai ƙirga yatsu da bin inuwa, ina sauraron ko murya ta dace da motsin leɓe. Tsorona ya ƙaru a farkon 2024, da aka ji labarin ma'aikacin wani kamfani a Hong Kong wanda ya tura wa 'yan damfara kusan dala miliyan 25 bayan wani taro ta bidiyo. Shugaban sashen kuɗi da sauran waɗanda ya gani duk na bogi ne da na'ura ta ƙirƙira, amma kuɗin da suka fita na gaske ne.

Sai dai darasin da ya fi yi mini ciwo ta wata ƙofar ya shigo. Wata mata ta aiko mana da bidiyon ambaliya: ruwa ya kai taga, wani yaro yana zaune a kan rufi ya rungume jakar makaranta. Hasken ya yi kyau ainun, ruwan yana ƙyalli. Na ce wannan aikin na'ura ne, na ajiye shi gefe, ko lambarta ban kira ba. Bayan kwana biyu wakilinmu ya isa wurin, ya tarar da gidan, ga shatin ruwa a bango daidai inda yake a bidiyon.

Wanda aka cuta sau ɗaya, igiya ma maciji ce a idonsa. Na shagala da farautar ƙarya har na manta cewa akwai mutum a bayan wayar, mai neman a kawo masa ɗauki.

Na kira ta na ba ta haƙuri. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗana ne, da hannuna na ɗauka. Da ka kira, ai da ka ji kukansa."