Abin askin da na tarar a akwatin Baba

Shekara uku ke nan da na fara tara tsofaffin abin aski na ƙarfe, irin waɗanda ake ɗaura wa reza mai baki biyu, kuma mafarin abin shi ne wani da na tarar a akwatin marigayi mahaifina, naɗe cikin tsumma. Kullum wanzami ke yi masa aski, shi ya sa na yi mamakin ganinsa.

Da na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, sai sunan Gillette ya bayyana. Idan aka murɗa ƙasan mariƙin, kan yana buɗewa gida biyu kamar ƙyaure, sannan akwai zobe mai lamba 1 zuwa 9 da ke daidaita tazarar bakin reza. Masu tara irinsa suna kiransa Fatboy saboda kaurin mariƙinsa, kuma daga 1958 zuwa 1961 aka ƙera shi a Amurka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne harafi da lambar da ke ƙarƙashin kan. Harafin na nuna shekara, lambar kuma na nuna wane rubu'i ne na shekarar. Nawa F4 ne, wato tsakanin Oktoba da Disamban 1960, daidai lokacin da Najeriya ta samu 'yancin kai.

Na biyun da na saya a gwanjo kuwa, garaje ya sa na dirje shi da soson ƙarfe har farin rufinsa ya goge, tagullar ciki ta fito fili. Har yau ina jin takaicinsa.