Kafin ka kai hoto wanki, san ma'aunin launinsa

Ƙannena masu riƙe da kyamara a Yamai, maza da mata, akwai maganar da ba a rasa ji a bakin kantar labo, wato shagon wankin hoto: "Injinku ya ɓata mini hoto." Wani lokaci gaskiya ne, laifin inji ne. Amma sau da yawa hoton ya baro gida da ciwonsa tun cikin kile (ɗan sandan USB da ake ajiye fayil), mai inji kuwa abin da aka ba shi ya wanke. Ni ma na daɗe ina faɗin wannan magana da ɗaga murya kafin in gane inda gizo ke saƙar, shi ya sa nake so in rage muku tafiya.

Abin da ke cikin fayil ɗin hoto lambobi ne. Kowane ɗigo yana ɗauke da lamba uku, ta ja, ta kore da ta shuɗi, kuma a JPEG kowacce tana tsakanin 0 da 255. To amma in aka ce kore 200, wane kore ke nan? In ka shiga kasuwar Wadata mai tumatir ta ce maka "ɗari", kai ɗan gari ka san dala take ƙirgawa, sefa 500 ke nan. Baƙon da ya sauka jiya sai ya miƙa mata sefa 100 yana ganin ya biya. Haka lambobin hoto suke, sai an san da wane ma'auni aka ƙirga su. Furofil ɗin launi ɗan ƙaramin fayil ne da ke faɗa wa na'ura wannan ma'auni. A 1993 kamfanoni takwas, cikinsu har da Adobe, Apple, Kodak da Microsoft, suka kafa ƙungiyar ICC don a samu tsari ɗaya da kowace na'ura za ta iya karantawa. A 1996 HP da Microsoft suka fito da sRGB, wanda shi ne yau ma'aunin intanet da na yawancin injunan wanki. Adobe RGB ya zo a 1998, ya fi shi faɗi, musamman wajen kore da shuɗi mai haske.

Wannan "ya fi faɗi" ɗin ne ya kayar da ni. Da na ji haka sai na shiga cikin kyamara na sauya ta zuwa Adobe RGB, ban tambayi kowa abin da zai biyo baya ba. Na ɗauki wani biki a Bukoki, ƙawayen amarya sun yi ankon shadda kore shar, mai ƙyalli, irin wadda ke ɗaukar ido tun daga bakin layi. A kwamfuta hotunan sun yi kyau, don Photoshop yana karanta furofil. Na kai labo, na karɓo, na wuce gidan biki ban tsaya na duba da kyau ba. Uwar amarya ta zauna kan tabarma tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta kai su kusa da ido, ta mayar. Sai ta sa aka ɗauko mata zanen daga ɗaki ta shimfiɗa kusa da hoton, ta ce: "Ɗana, wannan ba shaddarmu ba ce." Koren ya koɗe kamar an shanya shi wata guda, lallen hannun amarya ya dushe, fuskoki sun yi toka-toka. Na ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, za a sake." Daga aljihuna aka sake, bayan na je na yi wa mai inji faɗan da bai ci ba.

Abin da ya faru mai sauƙi ne. Injin labo ya ɗauki lambobina a matsayin sRGB, alhali da ma'aunin Adobe RGB aka ƙirga su. Duk sanda aka yi haka launi zai mutu. Manyan injunan wanki irin Fuji Frontier da Noritsu, waɗanda ke haska takarda da leza sannan su wuce da ita cikin ruwan magani, yawanci sRGB suke jira. Ƙananan injunan situdiyo masu aiki da zafi da kirtanin launi, da ake wanke hoton katin shaida da su, su ma haka. Ga wata alama da za ta cece ku: in sunan fayil ya fara da ɗan layi a ƙasa, _MG a Canon ko _DSC a Nikon, to kyamarar tana kan Adobe RGB. Mai ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, wannan zaɓi na cikin kyamara bai shafe shi ba, nasa zaɓin yana jiran sa a lokacin fitar da hoto daga Lightroom ko Photoshop. Wayoyi ma a kula da su: tun iPhone 7 a 2016, hotunan iPhone da Display P3 suke zuwa, wanda shi ma ya fi sRGB faɗi.

Maganin shi ne a juya hoto zuwa ma'aunin da inji ke jira, kuma nan ma akwai rami. A Photoshop na Faransanci da yawancinmu muke aiki da shi akwai umarni biyu kusa da juna. "Attribuer un profil" yana barin lambobi yadda suke, ya sauya musu ma'auni, saboda haka launi ya sauya. "Convertir en profil" yana sake ƙirga lambobin don launi ya tsaya yadda kake ganin sa. Na biyun kake so. Na farkon sai in an kawo maka hoto ba furofil a jikinsa, kana neman sanin asalinsa. Na taɓa danna na farko, na ga hoto ya dushe, sai na bi shi da ƙarin launi da hannu har fatar mutane ta koma ruwan goro. In za ka ajiye, ka tabbata akwatin da ke liƙa furofil a jikin fayil yana da maki.

Furofil ɗin inji kuwa wani abu ne daban da sRGB, kuma nan ne na fi son ku tsaya ku saurara. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa hasken da ya sauka kanta take mayarwa. Akwai launin da allo ke iya nunawa wanda tawada ba za ta taɓa kaiwa ba. Furofil ɗin inji bayani ne na abin da inji kaza, da tawada kaza, a kan takarda kaza ke iya fitarwa. Ana samar da shi ta hanyar buga ɗaruruwan ƙananan murabba'ai na launi, a auna su da na'ura. Uku ɗin nan a ɗaure suke. Ka sauya takarda daga mai ƙyalli zuwa marar ƙyalli, furofil ya tashi aiki. Ka sauya tawada, ya tashi aiki. Da na sayi injin tawada na kaina, na sauko da furofil daga shafin masu inji, amma tankunan na cika su da tawadar kwalba mai araha. Furofil ɗin da tawadar asali aka auna shi, don haka bai san tawadata ba. Ban ce kada ku yi aiki da tawadar kwalba ba, na san tsadar ta asali, na san kuma abin da ake biyan mu. Amma in ka zaɓe ta, ka tsaya kan iri ɗaya da takarda iri ɗaya, ka koyi halinsu da gwaji, kada yau wannan gobe waccan.

Da injin nan ne kuma na koyi cewa ba a sa masu juya launi biyu kan hoto ɗaya. A tagar bugawa, ko dai Photoshop ya riƙe launi ka zaɓar masa furofil ɗin takarda, sannan ka shiga saitin inji ka kashe gyaran launinsa, ko kuma ka bar wa inji aikin gaba ɗaya. In duka biyun suka juya, hoto yakan fito da duhu ko da ruwan hoda a fuska, kai kuma kana ta wanke kan inji kana zargin ƙurar hunturu. Takarda da tawada da yawa na zubar a kan wannan maki ɗaya.

In ka samu furofil na gaskiya, babban amfaninsa shi ne ka ga hoto kafin a buga. Ka loda shi a saitin gwaji na Photoshop, Ctrl da Y za su nuna maka kusan yadda takarda za ta fitar, Shift da Ctrl da Y kuma su rufe wuraren da suka fi ƙarfin inji da toka. Ka gwada da hoton rawanin shuni na Buzaye ko shadda shuɗiya mai zurfi. Shuɗi irin wannan yana cikin launukan da suka fi ba inji wuya, yakan karkata zuwa shunayya. Wajen juyawa za a tambaye ka hanya. "Perception" tana ɗan matse launukan duka don su shiga, tana kiyaye tazarar da ke tsakaninsu. "Colorimétrie relative" tana barin waɗanda suka shiga yadda suke, ta datse waɗanda suka yi waje. Ni a hoton fuska na fi son ta biyu, tare da kunna gyaran baƙi, wanda ke daidaita baƙin hoto da baƙin da takarda ke iya fitarwa, amma in tufafi masu zafin launi sun cika hoto nakan duba ta farko, don kada zanen jikin shadda ya narke ya zama shafe ɗaya.

Sai dai duk wannan gwaji a kan allo ake yin sa, allonmu kuwa yawanci ya cika haske. Rana tana shigowa shago, sai mu ƙure hasken, hoto ya yi kyau a ido, a takarda ya fito da duhu. Mu abin ya fi shafa, don fatarmu baƙa ce, kyan fuska yana cikin sassan hoto masu duhu, kuma su ke fara ɓacewa. Masu gyaran hoto don bugawa suna ajiye hasken allo tsakanin kandela (ma'aunin ƙarfin haske) 80 zuwa 120 a murabba'in mita, fari kuma kusa da 6500 K, wato kusa da farin hasken rana. Na'urar auna allo irin ta Datacolor ko Calibrite tana da tsada, amma ba kullum ake aiki da ita ba. Ku haɗu ku biyar ko shida ku sayi ɗaya, tana zagayawa. Kafin nan ka sa labule, ka rage haske har farin allo ya yi kusa da farar takarda da ke hannunka.

Ka je wurin mai inji a lokacin da ba cunkoso, ba jajibirin Sallah ba. Ka gaishe shi, ka ce: "Malam, injinka sRGB yake karɓa ko kuna da furofil naku? Wace takarda kuke sawa? Kuna taɓa hoto kafin ku wanke?" Tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, don labo da yawa suna ƙara haske da launi da kansu. In ka riga ka gyara, ka roƙa a wanke ba tare da an taɓa ba. In ya ba ka furofil, ka tambaya ko don gwaji ne kawai ko so yake ka juya hoton zuwa gare shi, don wasu sRGB suke so ka kawo duk da haka. In bai san amsar ba kada ka raina shi, ka ba shi sRGB. Hoton ka kai shi a kile, in kuma ta WhatsApp ne ka tura shi a matsayin fayil, don turawa ta yau da kullum tana matse hoto ta rage shi. Hoto na santimita 10 da 15 yana son ɗigo wajen 1200 da 1800.

Kafin ka ba da aikin biki gaba ɗaya, ka wanke uku: fuska a inuwa, tufafi masu zafin launi, da farar riga. Ka fita da su bakin ƙofa ka duba a hasken rana cikin inuwa, kada ka duba ƙarƙashin kwan lantarkin shago. A bayansu ka rubuta ranar da irin takardar, ka ajiye, don duk ranar da labo ta sauya takarda ko magani za ka ga bambancin da idonka. Kuma kwafi kake juyawa zuwa furofil ɗin inji, ka sa masa suna daban. Kada ka ɗora wannan kwafin a Facebook, kada kuma ka ajiye shi a kan asalin. Amarya takan dawo bayan shekara tana son babban hoto na bango, a wani inji da wata takarda, daga asalin nan za ka sake juyawa.